Taku Ashirin da Uku Daga Famfo

Talata, ƙarfe goma na safe

Likita ta ce in riƙa rubuta abin da idon ya yi, da rana da lokaci, in kai mata littafin ranar komawa. Na ce mata ni ban taɓa zama a aji ba. Auta, 'yata, wadda take aikin nas a asibitin, ta ce kada a saurare ni, na iya. To, na iya ɗan abin da na iya. Shekara arba'in da ɗaya ina gadin maƙabarta, duk allon da aka kafa a kan kabari sai na tambayi mai shi abin da aka rubuta. A haka na koyi baƙi. Na iya rubuta "ya rasu" tun kafin in iya rubuta sunana.

Ga abin da idon ya yi. Yau kwana huɗu da aikin tiyatar da aka yi masa, jiya aka cire bandeji. Ya yi ja wur, yana ƙaiƙayi kamar an zuba masa yashi. Kuma komai biyu nake gani. Auta biyu, ƙofar ɗaki biyu. Na miƙa hannu in ɗauki kofi, na kamo iska.

Wannan rubutun ma da tafin hannu a kan idon dama nake yin sa. In na ɗage, layukan sai su hau juna.

Laraba, ƙarfe biyu da rabi

Tun haihuwa idona na dama gefe yake kallo, wajen kunne. Na hagu ne ke aikin gidan duka. Likita ta zana mini a takarda cewa ido yana da igiyoyi masu jan sa, irin na rumfa, ita kuma ta sassauta guda ta ɗaure guda. Ta ce shekara saba'in kaina ya daina sauraron na dama, yanzu kuma ya juyo gaba yana kawo nasa labarin, kai bai san na wa zai ɗauka ba.

Abin da ban tambaye ta ba, kuma yana cina: shekara saba'in yana kallon gefe, me ya gani da bai gaya mini ba?

Na yarda da aikin ne saboda ciwon kai, kuma Auta ta yi shekara biyu tana mini naci. Marigayiya uwarsu takan ce, in ina mata magana, da ita nake ko da bango. Ba don wannan na yarda ba.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Kwantsa ta manne shi. Ruwan ɗumi. Kaza biyu a tsakar gida, tare suke tsattsaga, tare suke ɗaga kai.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Auta ta kawo wani baƙin ƙyalle mai roba, wai in ɗaura a kan idon dama kafin ya saba. Na ce an yanka ni don ido ya fito fili, sannan in sa masa labule? Ta ce taurin kaina ya fi ƙasar tsohon sashen maƙabarta. Ta rataye shi a ƙusar da nake rataye hula, yana can.

Na gano abu uku. Abubuwan da ke kusa sun kusa haɗewa, na nesa su ne suke rabuwa sosai. In na karkatar da kai hagu, suna matsowa kusa da juna. Da safe tazarar kaɗan ce, da yamma kuwa sai ka ce sun yi faɗa. Na zauna bakin ƙofa ina karkata kai ina miƙewa, har maƙwabciya ta aiko a tambaya ko wuya ne ya riƙe.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Na koma aiki. Auta ba ta sani ba.

Dogo, mai haƙa, shekara ashirin muna tare, ya ajiye diga ya zagaya ni kamar mai sayen rago. Tun ranar da ya zo wurin nan Harara yake kirana. Ya ce yanzu an cuce shi, an raba shi da suna, sai an ba shi mako guda ya nemo wani. Ya ce kuma yau ce ranar farko da ya tabbata shi nake wa faɗa, da can yakan ɗauka da baro nake.

Dogo biyu. Guda ma ya ishe ni.

Talata, ƙarfe sha ɗaya

Shugaban kwamitin maƙabarta ya zo duba ni, ya sake tayar da tsohuwar magana: a samo littafi, in faɗa a rubuta inda kowane mamaci yake. Shekara tara yana wannan magana. Na ba shi amsar da na saba. Allon katako gara ta cinye, na ƙarfe ɓarayi sun tsige, takarda ruwa zai jiƙa. Ni kuwa ko sau ɗaya ban taɓa nuna wa mutum kabarin da ba nasa ba. Ya ce ai ba yanzu yake ji ba, gaba yake ji. Na ce gaban ta zo tukuna.

Ba sihiri ba ne. A tsohon sashe tudun kaburbura duk ya kwanta, ciyawa ta rufe, ba abin da ido zai kama. Sai ka ba famfo baya, ka fuskanci abu guda da ba ya motsi, ka ƙirga taku. Wasu da kusurwar katanga nake auna su, wasu da kututturen tsamiya, na tsakiya kuma da falwayar wuta da ke bayan katanga. Kowane mamaci da abin da yake fuskanta da yawan takunsa. Ƙafata ta sani, kaina ya sani.

Alhamis, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Wani direban tanka ya zo neman kabarin uwarsa. Shekara goma sha biyu da rasuwarta, yana can wata ƙasa lokacin, bai samu jana'iza ba, kuma kunya ta hana shi zuwa tun da ya dawo. Da ya faɗi unguwarsu na gane ta: Ungozoma ce. Ita ta karɓi haihuwar Auta. Ban manta ba, ta fito daga ɗakin tana goge hannu, ba ta ce mini mace ce ko namiji ba, cewa ta yi in kwantar da hankalina, idon jaririyar na uwarta ne.

Direban ya san ni tun yana yaro. Ya tsaya yana kallon fuskata, ya ce, "Baba, idonka ya miƙe. Wallahi ka koma saurayi."

Dogo yana gefe yana dariya.

Na ba famfo baya. Falwaya. Taku ashirin da uku. Na nuna masa.

Ƙaton mutum, ya durƙusa ya yi kuka kamar an yaye shi yau. Ya tsige ciyawar da hannunsa, ya ɗebo ruwa a famfo ya yayyafa, ya jera duwatsu huɗu a kusurwoyi. Ya ce zai yi tafiya, ranar Asabar ta sama zai dawo da magini a zagaye wurin da siminti, a kafa allon ƙarfe mai sunanta a cikin simintin yadda ba mai tsigewa.

Idon: da yamma ne, tazara mai yawa.

Juma'a, ƙarfe shida na safe

Ban ci komai ba. Ba ciwo ba ne.

Asabar, ƙarfe shida da rabi na safe

Na je tsohon sashe kafin Dogo ya zo. Na sa tafin hannu a kan na dama. Taku ashirin da uku.

Na koma famfo na sake. Ashirin da uku.

Na sake.

Asabar, ƙarfe uku

Ranar da muka binne Ungozoma bakin shebur ɗina ya karye. Guntun na tura shi cikin ƙasa wajen kanta, don ita ba kamar kowa ba ce a wurina. Yau na tona da yatsu, zurfin tafin hannu, na taɓa ƙarfen. Yana inda na bar shi.

Duwatsun direba huɗu suna dama da ni, taku biyu.

Lahadi, ƙarfe goma

Wani tsiro ya fito a kusurwar idon, wajen hanci, ja, kamar ƙwayar gero. Auta ta ɗaga fatar da yatsa ta ce wurin ɗinki ne, yakan yi haka, za a ƙara mini maganin ɗigawa. Ta tambaye ni me ya sa takalmina ya yi jar ƙasa. Na ce kaza na kora.

Na tsaya gaban madubi na daɗe. Mutum biyu, dukansu idonsu a miƙe. Ban san ko ɗaya ba.

Litinin, ƙarfe sha biyu

Wanda ke kwance ƙarƙashin duwatsun nan na san shi, in za a kira wannan sani. Sati guda bayan Ungozoma aka kawo shi daga tashar mota, an same shi a kan benci ya cika. Ba takarda, ba mai nema. Shuɗiyar riga, tabo a gwiwar hannu, da ƙaramin mabuɗi a zare a wuyansa. Mu huɗu muka binne shi, har da direban motar asibiti. Mabuɗin yana cikin gwangwanin da nake ajiye irin waɗannan abubuwa a ɗakin gadi. Mai Mabuɗi nake ce masa. Duk shekara nakan fito da mabuɗin in juya shi in mayar. Na gwada shi a kwaɗo ya fi talatin.

Shekara goma sha biyu ba wanda ya tsaya a kansa sai ni, ni ma wucewa nake yi. Ranar Alhamis ya samu kuka na awa guda, da ruwa, da sharar ciyawa.

Ina ta tunani: addu'a inda ƙafa ta tsaya take sauka, ko inda zuciya ta nufa? Na tambayi Dogo kamar da wasa. Ya ce shi haƙa ya sani, in tambayi masu karatu, kuma me ya kawo wannan magana. Na ce ido ne, in ba ya aiki sai kai ya yi ta yawo.

Talata, ƙarfe biyu

Asibiti. Likita ta haska mini fitila, ta sa ni bin bakin alƙalaminta, ta ɗora mini wasu gilasai ɗaya bayan ɗaya. Akwai wanda da ta ɗora, Auta biyu suka taho a hankali suka shige cikin juna. Na ce ta cire ta sake sawa. Sau uku ta yi mini, tana dariya.

Ta ce idon ya ɗan wuce inda aka so, ya leƙo ciki wajen hanci. Sau da yawa yakan koma da kansa in kumburi ya sauka. A jira sati shida. In bai koma ba, ko tabarau mai irin gilashin nan, ko a sake shiga a sassauta igiyar. Kafin nan in ɗaura ƙyallen, musamman wurin aiki da tsallaka titi.

Na tambaye ta, in abu ya zama biyu, wanne ne na gaske? Ta ce in rufe na dama, wanda ya rage shi ne wanda ƙafata ta saba da shi. Na ce haka ne.

Ta ce ko ya sa na yi wani kuskure, tuntuɓe ko faɗuwa. Na ce kofi kawai.

Ta nemi littafin. Na ce na manta shi a gida. Yana aljihuna.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Saura kwana uku.

Laraba, ƙarfe huɗu

Wa zai sani? Dogo ba ya ƙirga taku. Shugaban kwamiti bai san gabas da yamman tsohon sashe ba. Ita Ungozoma ba za ta kawo ƙara ba, ba mai ƙorafi ba ce ko da ranta. Taku biyu ne kacal, da direban ya ɗaga murya ma za ta ji.

Da hannu ɗaya kawai na ɗaga na rufe idon dama ranar, da ban ɓata ba. Hannun nan da nake ɗagawa kullum don in rubuta kaza biyu. Amma mutum ya gama ce maka ka koma saurayi, Dogo yana kallo.

Falwayar dama ta fi haske. Ita na bi.

Alhamis, ƙarfe tara

Tsiron ya ragu. Tazarar tana nan.

Na lura in na gaji, na dama ne yake cin gardama, hotonsa ya fi ƙarfi. Sabon ma'aikaci ne, ɗoki ya yi masa yawa, bai san wurin ba. Ba laifinsa ba ne. Ba shi ya koyi maƙabartar ba.

Abin da ya tsaya mini shi ne simintin. Duwatsu huɗu ruwan sama zai watsar. Allo a cikin siminti kuwa zai fi ni daɗewa. Ranar da Dogo ya haƙa nawa, allon ne zai zama mai gadi, duk wanda ya zo shi zai tambaya, shi kuma abu guda zai riƙa faɗa har abada. Jikokinta za su zo. Kuma ni na koya masa.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Auta ta dawo daga aiki ta tarar ƙyallen ba ya jikin ƙusa. Ta dube ni, ta dubi ƙusar, ta wuce kicin. Uwarta ce sak, in ta ci nasara ba ta magana.

Robar tana matse kunne.

Asabar, ƙarfe uku da rabi

Sun zo ƙarfe tara: direban, da magini, da buhun siminti biyu a baro, da allon a naɗe cikin tsohon bargo. An rubuta sunanta da farin fenti, an yi kyau. Shugaban kwamiti ma ya biyo su, ban san wa ya gaya masa ba.

Dogo ya ga ƙyallen ya buɗe baki zai fara, na ce ya ɗauko shebur ya biyo ni.

Magini har ya sauke baro wajen duwatsun. Na ce ya dakata. Na kama hannun direban na kai shi famfo, na ce ya tsaya bayana ya ƙirga da ni. Muka ƙirga da ƙarfi. Da muka kai ashirin da uku, duwatsunsa suna can dama.

Na ce, "Ɗana, nan uwarka take. Ranar nan falwaya biyu na gani, na bi wadda babu. Da na rufe ido ɗaya da ban ɓata ba. Kunyar rufewa na ji."

Ya dubi duwatsun, ya dubi inda ƙafata take. Da ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa, cewa ya yi ranar nan ma haka na faɗa ba tare da shakka ba, yau da me zai yarda. Gaskiyarsa. Ba a taɓa tambayata haka ba a wurin nan. Na ce Dogo ya tona wajen kai, zurfin tafin hannu, zai samu guntun bakin shebur mai tsaguwa a gefe. Dogo ya ajiye shebur ya tona da hannu. Ya ɗago ƙarfen, ya kakkaɓe, ya miƙa wa direban, bai dube ni ba.

Direban ya juya ƙarfen a hannunsa ya daɗe. Sannan ya ce, "To wa na yi wa kuka?"

Na gaya masa: tasha, benci, shuɗiyar riga, mu huɗu. Na fito da mabuɗin daga aljihu, don tun safe na ɗauko shi. Ya karɓa ya kai kusa da ido. Ya ce wannan ai ba na kwaɗon gida ba ne, na akwatin kayan aiki ne da ke gefen babbar mota, irin na da, shi ma ya taɓa riƙe irinsa lokacin yana yaron mota. Shekara goma sha biyu ina gwada shi a ƙofofi.

Suka zagaye na Ungozoma da siminti, suka kafa allon. Direban ya tsaya a kanta ya yi addu'a, amma kukan bai zo ba. Na ga yana nemansa, bai zo ba. Wannan ni na ci masa, kuma ba ni da inda zan samo in mayar.

Da magini zai kwashe duwatsun nan huɗu ya yi ciko da su, direban ya ce a bar su inda suke. Siminti ya ragu a baro, ya ce a zuba a gindinsu kada ruwa ya tafi da su. Ya tambaye ni ko zan bar masa mabuɗin, zai nuna wa tsofaffin direbobi a tasha, ko wani zai tuna wanda ya ɓata a shekarar. Na bar masa.

Ya yi wa Dogo sallama, ya yi wa shugaban kwamiti. Ni ya ɗaga mini hannu daga nesa. Bai sake ce mini Baba ba.

Dogo bai yi mini tsiya ba duk yinin. Ya ma kawo mini ruwa. Gara tsiyar.

Lahadi

Ban duba agogo ba. Idon yana nan yadda yake.

Litinin, ƙarfe takwas na safe

Dogo ya ce ya samo sunan, amma sai na warke zai faɗa, don ba a dukan wanda ke kwance. Na ce ya faɗa yanzu in shi namiji ne. Ya ƙi. Alhamdu lillahi, bakinsa ya dawo.

Shugaban kwamiti ya aiko da sabon littafi mai bango mai kauri. Na mayar masa. Ina da nawa, kuma saura shafi da yawa. Likita sai ta yi haƙuri, Auta ta saya mata wani.

Kaburburan dubu ne da ɗoriya. In na yi talatin kullum, zan gama kafin a san ko za a sake yanka ni ko tabarau za a ba ni, in kuma ban gama ba sai a ci gaba da ido ɗaya. Zan fara da na tsakiya.

Tsohon sashe. Ka ba famfo baya, ka fuskanci falwayar da ke bayan katanga. Taku ashirin da uku, takun tsoho, ba na Dogo ba: Ungozoma. Tana da allo. Dama da ita taku biyu: Mai Mabuɗi, mutumin babbar mota ne, duwatsu huɗu.

Falwayar guda ɗaya ce. In ka ga biyu, ka rufe ido ɗaya, ko da ana kallonka.